Gwafar Kawu

Akwai wani reshe mai baki biyu a but ɗin motata. Ya bushe ƙayau, ɓawonsa duk ya zube, kuma duk fasinjan da zan kai filin jirgi sai ya kalle shi ya kalle ni kafin ya ajiye jakarsa. Wata baturiya ta taɓa tambayata ko na kare kai ne. Na ce mata na kamun kifi ne, ta yi mini murmushin nan nasu da ba ya wuce leɓe. Gwafa ce, irin wadda ake kafawa a bakin ruwa a ɗora sandar fatsa a kai don kada hannu ya gaji da riƙo. A garinmu da ke bakin Kogin Kwara ko yaro ba ya ɓata numfashi wajen neman ta, reshe zai karya ya soka a laka, shi ke nan. Ni kuwa a nan Amurka na ƙare lokacin zafi guda cur ina neman ta saboda Kawu.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ya zo Washington tun ina yawo ba wando, a matsayin direban wani ofishin jakadanci da ke arewa maso yammacin birnin. Jakadu suka zo suka tafi, wasu da yabo wasu da tsiya, shi yana nan riƙe da sitiyari har ya yi furfura. Shi ya yi mini hanya na zo a farkon shekarun dubu biyu, shi ya koya mini titunan garin nan masu kewaye-kewaye har na samu lasin tasi. Mutum ne mai kaifin baki. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "direba", kamar shi ba direban ba ne. Idan na tuna masa sai ya ce ai shi jakadu ya tuƙa, ni kuwa mashaya nake kwasa daga bakin kulob.

Mu Sarkawa ne, masunta tun kaka da kakanni. Kakanmu yana da jirgi da taru, kuma a cikin jirgin nan Kawu ya girma kafin tuƙi ya ɗauke shi. A wurinsa fatsa wasa ce ta yara da tsofaffin da gwiwa ta ƙi. To amma a ƙasar nan wa zai bar ka ka jefa taru? Sai ya haƙura ya sayi sandar fatsa ta Turawa mai kwarkwaron naɗe zare, ya ɗaura mata 'yar ƙararrawa a tsini, duk Asabar yana bakin ruwa, ni kuma ina biye da bokiti. Da farko kogin Potomac muke zuwa. Bayan matarsa ta rasu ya ajiye aiki, ya koma gidan 'yarsa a Upper Marlboro, sai muka koma kogin Patuxent, wani lungu da ake gangarawa ta cikin kurmi. Ba irin kifin da Turawa ke ɗaukar hoto da shi muke nema ba. Tarwaɗa muke kamawa, da wani mai manyan ɓawo wanda suke rainawa wai laka yake ci. Mu dai in akwai yaji da daddawa ba ruwanmu da abin da ya ci.

Da mun isa, kafin ya buɗe gwangwanin tana, Kawu zai shiga kurmi da wata wuƙa mai ƙotar ƙaho. Ba ya daɗewa. Zai fito da gwafa biyu ɗanyu, doguwa da gajera. Doguwar a gaba take, tana tallafe da wuyan sanda. Gajerar yakan kifa ta ne a baya, ta danne gindin sandar a ƙasa, yadda ko kifi ya fizga ba zai tafi da ita ba. Da yamma idan za mu tashi ba ya cire su. A garinmu gwafar da aka bari a kafe tana nufin wurin da mai shi, zai dawo, kuma ba wanda zai zauna a nan ko da kifi na tsalle yana faɗowa tudu. Asabar mai zuwa sai mu tarar an tuge su, ko mu tarar da wani ƙato ya baje a wurin da kwalaben lemonsa, ya ɗora tasa sandar a kan gwafarmu. Kawu ya yi tsaki, ya ce mutanen nan ba su da tarbiyyar ruwa, ya sake sarar wasu. Shekara da shekaru yana haka, bai taɓa fasa barin su a kafe ba.

Akwai doka ta biyu da ya zo da ita daga gida. Duk wanda hannunsa ya taɓa sanda bayan kifi ya ci, to kifin nasa ne. Ko sanda za ta karye, ba ka kai wa mutum hannu. Na taɓa mantawa sau ɗaya na tallafa masa, ya fid da tarwaɗar, ya cire ƙugiya, ya jefa ta a bokitina, bai ƙara yi mini magana ba har muka isa gida.

Ciwon ya same shi ne wata safiya, bayan ya idar da salla yana ninke darduma. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Baki ya dawo a hankali, don bakin Kawu ko mutuwa sai ta yi da gaske. Ƙafa ta dawo rabi, yana jan ta da taimakon wata sanda ta ƙarfe mai ƙafa huɗu da asibiti suka ba shi. Hannun dama kuwa bai dawo ba. Yana nan rataye, in zai zauna sai ya ɗauko shi da na hagu ya ɗora a cinya.

'Yarsa nas ce, a nan aka haife ta. Taubashiyata ce, amma ba ta san wasan taubasai ba, in na tsokane ta sai ta ɗauka da gaske nake. Tana jin Hausa sarai, sai dai ta amsa da Turanci. Ba zan ɗora mata laifi ba, wallahi yarinyar ta yi iya yinta. Tana fita aiki tun duku-duku, ta dawo ƙafafu a kumbure. Rannan ta dawo ta tarar da shi a ƙasan kicin, ya zame tun hantsi ya kasa tashi, tukunya kuma tana ƙonewa a kan wuta. A makon ta kira ni, muka zauna mu uku a falo, ta fito da maganar gidan kula da tsofaffi. Ta ce akwai wani a Annandale, da nisa kam, amma akwai mata 'yan Gana Musulmi da ke aiki a can, suna jin Hausa, ba za a ba shi abin da bai halatta ba.

Kawu ya saurare ta har ta gama. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mata, ba ya kiranta sai "uwata".

"Uwata, na ji ki," ya ce. "Ni ba tsohon da ake ajiyewa ba ne tukuna. Ki ba ni zuwa sanyi ya shigo. In na fid da kifi daga ruwa da hannuna, ni kaɗai, to mai iya wannan zai iya zama a ɗakinsa. In na kasa, ki kai ni inda kike so, ba za ki ji bakina ba."

Ta ce masa ba ruwan kifi a wannan magana. Ni ma na ce, "Kawu, a bar sa sharaɗi, a bi abin a hankali."

"Direba, da kai nake?" ya ce. Ya juya gare ta. "Na faɗa, Allah ne shaida."

Magana zarar bunu ce. Ba wanda ya nemi ya rantse, shi ya ɗaure kansa da kansa, kuma duk wanda ya san shi ya san ba zai kwance ba. Daga ranar nan zamansa a gidan 'yarsa ya rataya a kan kifi ɗaya.

Na zauna na yi lissafin abin a raina. Jefa zare ba matsala, ya yarda ni in jefa tunda kifi bai ci ba tukuna. Sa tana a ƙugiya ma haka. Matsalar daga lokacin da ƙararrawa ta kaɗa ne. Mai hannu biyu yana riƙe sanda da ɗaya, ya juya kwarkwaro da ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dole sai an samu abin da zai riƙe masa sandar gam, a daidai tsayin kujera, ta gefen hagu, ya fizgo ta ƙugiya ta soke kifin, ya mayar, sannan ya yi ta naɗe zare. Wato gwafa ce za ta zame masa hannun dama. Na ce a raina wannan ai abu ne mai sauƙi, ƙasar da ta je wata ba za a rasa ɗan itace mai baki biyu a cikinta ba.

Asabar ta farko na karɓi wuƙarsa na shiga kurmi. Abin da Kawu ke yi da sara ɗaya, ni na tsaya ina ta gurzar reshe kamar mai yanka da bayan wuƙa. Ina cikin haka na ji gyaran murya. Ma'aikacin gandun daji ne mai gadin kurmin, da hularsa mai faɗi. Ya yi mini bayani cikin ladabi, irin ladabin da ke sa ka ji kamar a mare ka ya fi, cewa ba a sarar ɗanyen itace a nan, ko ganye ba a tsinka. Ya ce wannan karon gargaɗi ne. Mai lasin tasi da takardun zama irin nawa ba ya wasa da gargaɗi. Na dawo hannu rabbana. Kawu ya ce shi shekara nawa yana sara ko tsuntsu bai taɓa ganinsa ba, ni rana ɗaya na tara masa hukuma.

Sai na koma tsintar busassu a ƙasa, tunda su ba a hana ba. Busasshen reshen kurmin nan kuwa ruɓaɓɓe ne, danshi ya cinye cikinsa. Ka soka shi a laka ya karye a hannunka. Wanda ya tsaya kuma, da Kawu ya fara juya kwarkwaro sai bakin ya tsage, sanda ta faɗi. Na je babban kantin kayan kamun kifi, wani saurayi ya nuna mini nasu na ƙarfe, sirara, da ɗan baki na roba. Na saya. Gajeru ne, an yi su ne don mai zama a ƙasa ko mai iya sunkuyawa, Kawu kuwa in ya sunkuya daga kujera sai ya kife gaba ɗaya. Akwai wasu manya masu ƙafafu da ƙararrawar batir, sai an yi odarsu daga Ingila, Kawu ya kalli hotonsu a wayata ya tambaye ni ko kifi za mu kama ko jirgin sama za mu harbo.

Wani abokin aikina ɗan Kumasi, muna layin tasi a gaban wani otal, ya ce in yanko bututun roba na famfo in fere bakinsa in kafa, haka suke yi a bakin teku. Na yi. Bututun ya riƙe sanda gam, har ya wuce gona da iri. Ranar ƙararrawa ta kaɗa, Kawu ya kama sandar da hagu yana ja, ta ƙi fita, kafin ya zare ta kifi ya cinye tana ya yi gaba. Na gwada ƙarfen da ake tokare tumatir da shi. Na gwada sandar tsumman goge ƙasa da na ɗaura wa cokula biyu. Na tsinci ƙafar kyamara a kayan da wani ya zubar a bakin titi a unguwar jami'a, iska ta kayar da ita. A lokacin ne kuma wayoyin hannu suka fara cinye mana fasinja, kowa ya latsa waya mota ta zo, mu muna layi muna hamma. Maimakon in damu da abincina, sai ga ni ina tuƙi ina leƙen itatuwan gefen titi. Garin nan cike yake da itatuwa, ko'ina ka duba gwafa ce a sama tana kallonka, kuma kowace da mai ita. Na roƙi wani maƙwabcina ya bar ni in sari reshe ɗaya a bayan gidansa, ya ce sai ya tambayi ƙungiyar masu gidajen unguwa. Har yau suna shawara.

Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ban taɓa jin baƙunta a ƙasar nan kamar lokacin ba, ko a shekarar da na zo ban san kowa ba.

Asabar tana bin Asabar, muna zuwa muna dawowa da bokiti wayam. Kifi yana ci, ba wai ba ya ci ba. Sau da yawa ina tsaye ina ganin tsinin sanda yana rawa, hannuna yana ƙaiƙayi, Kawu yana kokawa da hagun da bai taɓa koya wa komai ba sai tsarki. Wata rana na ce masa, "Kawu, bari in riƙe maka gindin sandar kawai, kai ka naɗe. Wa zai sani?"

"Kai za ka sani," ya ce. "Kuma bakinka ba shi da ƙofa."

Ganye ya fara ja. Da safe sai mun sa rigar sanyi. Kawu ya rame, ya rage tsiya, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Asabar ɗin da ta zama ta ƙarshe, mun tarar ruwa ya janye, bakin da muka saba zama ya koma taɓo mai zurfi wanda ba za a kai kujera ba. Sai muka matsa gaba, inda aka jera duwatsu saboda zaizayar ƙasa. Wuri ne mai kyau, ruwan gabansa da zurfi, amma dutse ne, ba inda za a soka ko allura. Duk tarkacen da na ɗebo a but ba wanda zai tsaya.

Kawu ya zauna yana kallon ruwa. Can ya ce, "Direba, miƙo wayar rataye kayan nan da ke motarka."

Na kawo. Ya sa na lanƙwasa ta ta yi baki biyu, na ɗaure ta tamau a mariƙin sandarsa ta asibiti. Sandar nan mai ƙafa huɗu ta tsaya da kanta a kan dutse, tsayinta daidai kujera, ba ta girgiza. Muka ajiye ta ta hagunsa, muka ɗora sandar fatsa, na danne gindin da wani dutse a madadin gajerar gwafa. Ya gwada ɗagawa, ta ɗagu. Ya mayar, ya juya kwarkwaro, ta zauna daram. Wata huɗu ina yawon neman abin da yake dogarawa kullum a gabana. Ya dube ni, gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga, ya ce, "Jefa."

Muka yi azahar a nan, shi a zaune. Muka ci burodi da sauran naman jiya. Rana ta yi sanyi, ba abin da ya taɓa zaren, har na fara tunanin tattara kaya. Ƙararrawar ba ta yi 'yar rawar da ta saba ba. Kaɗawa ɗaya ta yi, sandar ta lanƙwashe har tsininta ya kusa shan ruwa, dutsen da na danne gindin da shi ya mirgine. Ban taɓa ganin irin wannan cin ba a kogin nan.

Mun yi wata huɗu muna koya wa hagu aikinta. Komai mun jera shi ta hagu. Amma da kifin ya ci, Kawu bai tuna da wata huɗu ba, jikinsa ya tuna da shekara sittin. Na ga kafaɗarsa ta dama ta zabura, ta aika hannun da ba ya zuwa. Hannun ya zame daga cinya ya yi lilo, nauyinsa ya ja shi, Kawu ya tuntsura daga kujera ya faɗi a kan gwiwa da kafaɗa. Kwarkwaron ya sarƙe a wayar da na ɗaura, sandar fatsa ta ja sandar asibiti, su biyun suka kama gangarowa a kan duwatsu suna ƙara. Ta gaban ƙafata suka bi. Taku ɗaya zan yi in danne.

"Kada ka taɓa," in ji Kawu daga ƙasa. Kuncinsa na kan dutse, yana miƙa hagu, tsakaninsa da gindin sandar bai fi kamu biyu ba.

Ban taɓa ba. Sandar ta shige ruwa, ta asibitin ta bi ta, ƙafafunta huɗu suka yi sama na ɗan lokaci sannan suka nutse. Kifin ko bayansa ba mu gani ba.

Na ɗaga shi na zaunar. Gwiwar wandonsa ta yage, goshinsa ya ɗan fashe. Ya ɗauko hannun daman da na hagu ya mayar kan cinya, ya daɗe yana kallonsa. Daga nan zuwa inda muka ajiye mota hawa ne ta cikin kurmi, ga saiwoyi, ga shi ba sanda. Na durƙusa a gabansa na ba shi baya. Ya saƙalo wuyana da hannu ɗaya. Mutumin da ya ɗauke ni daga filin jirgi, yana tafe ina sassarfa a bayansa, ga shi a bayana ba nauyin kirki. Muna cikin hawa ya ce, a hankali, rabonsa da goyo tun mahaifiyarsa na da rai. Na yi kuka a hanyar nan, shi bai gani ba tunda yana baya.

A mota na ce masa akwai wani kantin 'yan Asiya a hanya da ke sayar da tarwaɗa da ranta a cikin tanki. Na ce yarinyar nan ba ta san kifin kogi da na kanti ba. Na ce Allah ma ya ga niyya, kifin ai ya ci, kuma da yana da hannu biyu da ya fid da shi. Na yi ta zuba, har da faɗa.

"Direba, kai ni gida," ya ce.

'Yarsa tana tsaye a ƙofa da kayan aikinta ba ta ko cire ba. Ta ga goshinsa, ta ga ina tallafe da shi, ta duba bayanmu ba sanda. Kafin ta buɗe baki ya ce, "Uwata, kira mutanen nan." Ta rikice. Ta ce ba sai yanzu ba, za ta nemi a rage mata aiki, za ta samo mai zama da shi da rana, ita dama ba ta taɓa karɓar sharaɗin ba. Ita da ta kawo maganar, ita ce ta koma roƙo. Ya ce ta kira su. Kafin dusar ƙanƙara ta farko ta sauka yana Annandale.

Da zafi ya zagayo, aka yi wata guguwa da ta ratsa garin ta kayar da itatuwa ba iyaka. Unguwanni suka kwana biyu ba wuta. Da safe na fito aiki, tituna duk rassa, ɗanyu shar, an tara su a bakin hanya ana neman mai kwashewa. Gwafa iri-iri, doguwa da gajera, mai kauri da siririya, ba mai gadi ba mai gargaɗi. Na tsaya a gefen titi ina kallo, takaici ya hana ni ko tsaki. Ihu bayan hari. Duk da haka na fita na zaɓi ɗaya, miƙaƙƙiya, mai nauyi, bakinta a buɗe daidai kaurin sanda, tsayinta daidai kujera. Na fere gindinta da wuƙar Kawu, wadda ta zauna a wurina tun ranar ma'aikacin gandu.

A ƙofar gidan tsofaffin suka ce ba a shiga da abu mai tsini. Wata 'yar Gana da ke kula da shi, mace mai kirki da ke ce masa "Baba", ita ta karɓa ta naɗe a cikin zanen gado ta shigar mini. Na same shi a keken guragu a bakin taga. Tagar filin ajiye motoci take kallo. Ya ƙara ramewa, an yi masa aski irin wanda ba ya so. Na gaishe shi, na ɗora masa gwafar a cinya.

Ya juya ta da hagu. Ya sa babban yatsa a tsakiyar bakin ya danna, ya gwada ta a ƙasa, ya shinshina wurin da na fere.

"Wa ya saro?"

"Iska, Kawu."

"Ta fi ka iyawa."

Na yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta, don na daɗe ban ji tsiyarsa ba. Na ce masa ran Asabar zan je wurinmu in kafa ta, a san wurin da mai shi, kafin ya ƙara jin ƙarfi mu koma.

Ya mayar da ido kan taga. Wata mota tana ta ƙoƙarin gyara tsayuwa a ƙasa, yana kallonta.

"Kai ɗan Sarkawa ne ko ɗan tasha?" ya ce. "Ba a kafa gwafa a inda ba za a koma ba. Wani bawan Allah zai zo da fatsarsa ya gan ta, ya wuce, ya bar wuri mai kyau a banza."

"Kawu, a ƙasar nan ai ba wanda ya san wannan dokar."

"Ni na sani," ya ce. Ya miƙo mini ita ta gindi, ya ce in ja masa labule, hasken yana damun idonsa.

Na ja labulen. Na fito na buɗe but na sa ta, na koma layin tasi.